Yadda na samo inshorar tafiya bayan shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya

Saura kwana goma a kama azumin 2023, na dawo daga sallar asuba a masallacin unguwarmu nan Jidda, uwargida ta miƙo min kofin shayi. Na kai hannun dama zan karɓa, kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Na buɗe baki in ce mata ba komai, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar an cusa min auduga. Ita ta fara lura bakina ya karkace. Ba ta tsaya kiran maƙwabta ko neman man shafawa ba, ta buga 997, motar asibiti ta Hilal Ahmar ta zo. Kafin awa biyu an sa min allurar narkar da gudan jini, wadda ƙa'idarta a yi ta cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun. A nan ƙasar "jalɗa" ake ce wa abin. Daga baya suka ɗaura min na'ura a ƙirji kwana guda cur, ta nuna zuciyata ba ta bugawa a kan tsari, abin da likitoci a nan ke kira "rajafan uzaini". Jini ne yake kwanciya a wani lungu na zuciya ya daskare, gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan bugun, haɗarin shanyewar jiki a kansa ya kai ninki biyar na wanda ba shi da shi.

Alhamdu lillahi na tashi. Na koma aikina na sito, sai dai har yau hannun dama ba ya jure riƙe biro da daɗewa. Bayan shekara guda aka yi wa babban ɗana da ke Jamus haihuwa, aka sa wa yaron sunana. Na ce in dai da rai sai na je na ɗauki takwarana da hannuna. A nan na shiga neman ta'amin na tafiya, wato inshora, kuma abin da na sha a ciki shi na zo in shimfiɗa wa wanda ke cikin irin halina, ko yake jinyar mai irinsa.

Bizar Shengen, wato ta shiga Jamus da galibin ƙasashen Turai, ba ta fita sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, wajen riyal 120,000 ke nan a lokacin, wadda ta ɗauki jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da mayar da mutum gida in ciwo ko mutuwa ta same shi, kuma ta rufe dukkan kwanakin da zai yi a ƙasashen. Na je wani maktab, wato ofishi, na tafiye-tafiye, yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Ya Hajj, minti biyar." Ya karɓi fasfo da igama, wato katin izinin zama, ya buga, na biya riyal 95. Bai tambaye ni ko ina shan magani ba, ni ma ban ce masa komai ba. Na dawo gida ina murna abu ya zo da sauƙi.

Da daddare autata ta ɗauki takardun tana dubawa, don ita ce mai ido a gidan. Ta tsaya a shafi na huɗu ta ce, "Baba, ka karanta nan?" Ƙarƙashin "istisna'at", wato abubuwan da aka cire, layin farko yana cewa kamfani ba zai biya komai ba a kan "halat maradiyya sabiƙa", duk ciwon da mutum yake da shi kafin ranar sayen takardar, da duk abin da ya samo asali daga gare shi. Ta ɗaga kai ta ce, "Baba, in zuciyarka ta motsa a can, ko sisi ba za su bayar ba." Na yi shiru. Takardar za ta biya in na faɗi a bene na karya ƙafa. Abin da nake tsoro kuwa, wanda ya sa uwargida ba ta barci sosai tun wancan asubahin, shi aka cire da sunansa.

Abin da ya ƙara ɗaga min hankali shi ne takardar ɗaukar nauyi da ɗana ya sa wa hannu a ofishin baƙi na garinsu. A dokar Jamus, wanda ya sa hannu a wannan takarda ya ɗauki nauyin baƙonsa har da kuɗin jinya. Ke nan in na kwanta a asibiti inshora ta zame, yaron da ya fara tsayawa da ƙafarsa, da mace da jariri, shi zan bari da bashin. Ofishin jakadanci zai karɓi takardar riyal 95, asibiti kuwa ba zai ci ta ba. Wannan bambancin nake so kowa ya riƙe kafin ya ce ya samu mai araha.

Washegari na fara daga inda ya kamata in fara tun farko, wato wurin likitan zuciyata. Kar ka kira kamfani ko ɗaya kafin takrir, wato rahoton likita, ya shigo hannunka. Ka roƙi likita ya rubuta shi da Turanci, don da shi za a yi aiki a can, kuma ya fito da abubuwa filla-filla: ranar da jalɗar ta faru, toshewa ce ko fashewar jijiya, sau nawa ta taɓa faruwa, me hoton zuciya na ƙarshe ya nuna, sunan kowane magani na asali da awonsa, da ranar da aka yi canji na ƙarshe a cikinsu. Nawa takririn ya nuna ƙarfin turawar zuciyata kashi 45 cikin 100, ƙasa kaɗan da na lafiyayye da ke farawa daga 50 zuwa sama. Ya nuna ina shan apixaban safe da yamma don hana jini daskarewa, da bisoprolol, da atorvastatin, da na hawan jini. A ƙarshe ya rubuta jimla guda da ta fi duk sauran nauyi: yanayina a daidaite yake, kuma babu laifi in hau jirgi. Duk wanda ya yi tafiya bayan likita ya hana shi, inshorarsa ta warware ko da nawa ya biya.

Na tambaye shi batun jirgin kansa. Ya ce iskar cikin jirgi daidai take da ta wanda ke kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, sai ya kawo misali da Ɗa'if, garin kan tsauni da ke kusa da Makka, ya ce, "Ka hau Ɗa'if tun bayan ciwon?" Na ce sau biyu. "Numfashi ya tsaya maka?" Na ce a'a. Ya ce to kusan haka ne, sai dai na awa shida. Hukumar jiragen sama ta Ingila tana ba da shawarar a jira kwana 10 bayan shanyewar jiki kafin a tashi, kuma wanda ciwonsa sabo ne kamfanin jirgi kan nemi likitansa ya cike fom ɗin bayanin lafiyar fasinja da ake kira MEDIF. Ni na wuce wannan matakin da nisa. Amma lissafin likita daban, na 'yan inshora daban. Su watanni suke ƙirgawa. Tambayarsu ita ce wata nawa ka yi ba a kwantar da kai ba, ba a canza maka magani ba, ba ka jiran sakamakon wani gwaji. Wasu kwana 90 suke nema, wasu 180, wasu shekara. Ni ban san ƙara awon magani ma canji ne a wurinsu ba sai da aka tambaye ni. An ƙara min na hawan jini a watan Fabrairu, wannan kaɗai ya sa na ɗaga tafiyar daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta don wata shida su cika. Jiran nan ya buɗe min ƙofar da a Yuni take a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka aƙalla wata biyu kafin ranar tashi.

Kafin ka kashe riyal ɗaya, ka duba abin da ke hannunka. Mu masu igama da ke aiki a kamfani, dole ne mai aiki ya yi mana ta'amin na lafiya, kuma wannan ya riga ya san ciwonka, shi yake biyan magungunanka duk wata. Ka je ofishin ma'aikata ka tambaya ko ajin da kake ciki yana ɗaukar gaggawa a wajen Mamlaka, wato Saudiyya. Manyan azuzuwa sukan ɗauka, galibi ka biya da kanka ka kawo rasit a mayar maka bisa farashin nan. Nawa ajin iyakarsa Saudiyya, amma wani abokin aikina da ke sama da ni nasa ya ɗauka, shekara da shekaru bai sani ba. Sai katin banki. Wasu katunan suna zuwa da inshorar tafiya in da su ka sayi tikiti, amma ka nemi sharuɗɗan a rubuce, don yawanci su ma sun cire tsohon ciwo.

In ka shiga intanet za ka ga kamfanonin Ingila irin su Staysure da AllClear da suka ƙware a kan masu ciwon zuciya da shanyewar jiki. Mazauna Ingila suke sayar wa, mu da ke nan ba mu ciki, kar ka ɓata dare kana cike fom. In kana da ɗan'uwa a can mai irin ciwon, shi ka tura masa.

Akwai kuma irin da ake tallatawa cewa tana ɗaukar "tashin tsohon ciwo farat ɗaya". Sunan yana da daɗin ji, amma ka karanta yadda suka fassara shi. Da yawa suna cire ciwon da ya zama na dindindin ko wanda ake shan magani a kansa kullum, suna kuma yanke shekaru, sau da yawa a 70. Mai rajafan da ke shan apixaban yana iya faɗawa cikin waɗanda aka cire ba tare da ya ankara ba.

Abin da ya fisshe ni shi ne dillalin inshora, wanda a nan ake ce wa "wasiɗ". Ka tabbatar yana da lasisi. Tun ƙarshen 2023 Hai'atut Ta'amin, wato hukumar inshora, ce ke kula da harkar, ta karɓe ta daga hannun Babban Bankin Saudiyya. Na ba shi takrir, shi ya riƙa zagayawa. Wuri bakwai aka tambaya. Huɗu suka ce a'a kai tsaye. Biyu suka ce za su ɗauke ni amma ban da zuciya da ƙwaƙwalwa, wato takardar riyal 95 ce aka sake wa riga. Ɗaya ya aiko tambayoyi shafi biyu.

Tambayoyin nan na zauna da autata muka amsa ɗaya bayan ɗaya. Kana iya tafiyar mita 200 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da numfashi ya tsaya maka ba? An taɓa sa maka ƙarfen buɗe jijiya ko an yi maka tiyatar zuciya? Kana shan taba, ko ka taɓa sha? Ka taɓa yin ƙaramar jalɗa, irin wadda take zuwa ta wuce cikin mintuna? A kan wannan ta ƙarshe na tsaya. Wata huɗu kafin babbar, akwai ranar da hannuna ya mutu na kamar minti goma ina tuƙi a titin Madina, ya dawo, ban gaya wa kowa ba sai likita daga baya. Wani aminina da ya zo gaishe ni ya ce, "Alhaji, wa ya gani? Ka ce a'a kawai, kuɗin ya sauka." Na san don ƙauna ya faɗa, amma ban bi ba. Ranar da za ka nemi su biya, abu na farko da za su yi shi ne neman fayil ɗinka daga asibiti, kuma kai ka sa musu hannu a kan haka tun wurin saye. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In suka ga abin da ka ɓoye suna iya soke takardar gaba ɗaya, har karayar ƙafar ma ba za su biya ba, kai kuma kana kwance a ƙasar da ba ka jin harshenta. Ban da haka, haƙƙin sauran mutanen da suka zuba kuɗinsu a asusun ne. Na rubuta e, da watan da abin ya faru.

Tunda na ambaci asusun: na san a cikinmu akwai masu ɗar-ɗar da inshora ta fuskar addini, ni ma na yi. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta ta'amin na taimakekeniya tun 1397 bayan Hijira, wato 1977, kuma dokar 2003 a kan wannan tsarin ta ɗora kamfanonin ƙasar.

Amsa ta dawo: za su ɗauka, riyal 1,900 na kwana 30. Ya yi min nauyi, don ya kusa kuɗin tikitina. Dillalin ya ce mu zauna mu ga abin da za a sassaƙe. Na farko, an rubuta min "duk duniya", wanda ya haɗa da Amurka da Kanada inda jinya ta fi ko'ina tsada. Muka mayar da shi Turai kaɗai, kuɗin ya faɗo sosai. Na biyu, kwanakin: muka dawo da su 21, don ko da ma uwargida ba ta son mu daɗe. Na uku, "tahammul", kuɗin da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya ɗora. Na yarda a ɗaga shi zuwa Yuro 250. Dalilina shi ne zan iya biyan kuɗin ganin likita a kan mura ko ciwon ciki. Abin da ba zan iya ba shi ne mako biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Muka cire ɓatan akwati da satar waya da jinkirin jirgi. Muka tsaya a kan tafiya ɗaya, don ta shekara ga mai irin ciwona tsadarta ta wuce misali, in ma an yarda a sayar. Aka tsaya a riyal 1,080. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da dariba, wato haraji, ta kashi 15, kar ka gan ta a wurin biya.

Abu biyu na ƙi a taɓa. Ɗaya shi ne iyakar kuɗin jinya. Yuro 30,000 ƙa'idar biza ce kawai. Jalɗa ta biyu da kwanciya mai tsawo na iya cinye ta, don haka na nemi 100,000. Ɗayan shi ne ɗauko ni zuwa gida da rakiyar likita in na kasa hawa jirgi yadda kowa ke hawa. Na kuma tambayi abin da mutane ba sa son tambaya: in Allah ya karɓi raina a can fa? Takardar ta ce za su biya kawo gawa. Na ce ni ba na son a riƙe ni kwanaki ana takardu, in haka ta faru a binne ni a maƙabartar Musulmi mafi kusa. Aka duba, akwai zaɓin biyan jana'iza a can maimakon kawowa. Na gaya wa ɗana a waya. Ya ce, "Baba, don Allah ka bar wannan maganar." Na ce gara ka ji ta daga bakina yanzu.

Uwargida lafiyarta lau, da mun so sai a yi mata ta riyal 95 ɗin. Amma in an raba mu, ni na kwanta ita ta tsaya jinyata, kuɗin ƙarin kwanakinta da canjin tikitinta ba mai biya, tunda nata kamfanin bai san da ciwona ba. Muka sa ta a takarda ɗaya da ni, ƙarin bai taka kara ya karya ba.

Kar ka biya sai ka ga ciwonka a rubuce. Maganar waya ba hujja ba ce, "ma fi mushkila", wato ba matsala, ma ba hujja ba ce. Ni sai da aka haɗa min "mulhaƙ", shafi guda mai tambarin kamfani da lambar takardata, yana cewa an sanar da su shanyewar jiki ta Maris 2023 da ƙaramar da ta gabace ta da rajafan da hawan jini, kuma gaggawar da ta taso daga waɗannan tana cikin abin da za su biya. Autata ta karanta shi sau biyu a bayyane kafin na tura kuɗin. Ka lura kuma, in aka canza maka magani ko aka kwantar da kai tsakanin ranar saye da ranar tashi, wajibi ne ka sanar da su. In rigima ta taso daga baya, ka fara kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin, in bai warware ba ka wuce Hai'atut Ta'amin, sannan akwai kwamitocin raba gardamar inshora. Wannan hanyar ta kamfanin da ke da lasisi a nan ce, shi ya sa nake son a san inda aka yi wa takardar rajista.

Masu zuwa gida, Kano ko Damagaram ko wani wuri, akwai layin da ya shafe mu musamman. Wasu takardun ba sa aiki a ƙasar da kake riƙe da fasfonta, don a ganinsu gida ka koma, ba tafiya ka yi ba. Mai fasfon Najeriya da igamar Saudiyya ya tambayi wannan tun kafin a faɗi farashi. Masu kawo iyaye Umra ko ziyara kuwa, inshorar da ke haɗe da biza ta gaggawa ce, iyakarta riyal 100,000. Ba ta bin ciwon yau da kullum, don haka tsoho mai ciwon zuciya ya zo da takririnsa da maganin da zai ishe shi har ya koma.

Ranar tashi, magunguna duka a jakar hannu suke cikin kwalayensu na asali, da ƙarin na mako guda. Jamus a lokacin zafi awa ɗaya take bayan Saudiyya, don haka ban sauya lokacin apixaban ba, na bi agogon Jidda da na bari a hannuna. Na zaɓi kujerar bakin hanya don in riƙa tashi ina taka ƙafa, na riƙa shan ruwa. Lambar gaggawar kamfanin, wadda sharaɗinsu shi ne a kira ta cikin awa 24 da shiga asibiti, na sa ta a wayata da ta uwargida da ta ɗana, tare da 112, lambar motar asibiti a Turai. Na kuma zaunar da surukata ranar da muka sauka na nuna mata abin da za ta duba: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Na ce in ta ga ɗaya daga ciki ta duba agogo ta riƙe lokacin, ta kira 112 kafin ta kira mijinta. Ta ce, "To, Baba," ta rubuta a takarda ta manna a jikin firij. Sannan ta ɗauko takwarana ta ɗora min shi a hannun hagu, ta sa matashi a ƙarƙashin na dama.